Yadda Ake Zama Lauyan Aure, Saki da Riƙon Yara a Arewacin Najeriya

Lauyan da zai riƙe shari'o'in iyali a Kano, Kaduna, Sakkwato ko Abuja yana aiki ne da dokoki uku. Akwai auren Musulunci, wanda kotunan Shari'a ke hukunci a kansa bisa mazhabar Malikiyya. Akwai auren rajista, wanda Babbar Kotun jiha ko ta Abuja kaɗai ke da hurumin warware shi. Akwai kuma auren gargajiya na ƙabilu daban-daban. Makarantar horas da lauyoyi ta fi ba da ƙarfi ga tsarin Babbar Kotu, alhali mafi yawan matan da za su shigo ofishinka a Arewa, da takardar saki a ƙulle a bakin mayafi, kotun Shari'a ce za ta saurare su. Wanda yake son wannan fanni sai ya cike wannan giɓi da kansa, kuma tun yana ɗalibi ya kamata ya fara.

Karatu da lasisi

Ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da adabin Turanci, kuma yawancin jami'o'i na neman lissafi. Digirin lauya shekara biyar ne ga wanda ya shiga ta JAMB, huɗu ga wanda ya shiga kai tsaye a aji biyu. Idan Arewa za ka yi aiki, zaɓi inda ake koyar da Shari'ar Musulunci sosai. Jami'ar Bayero ta haɗa dokar Ingila da ta Musulunci a digiri ɗaya, tsangayar lauya ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo a Zariya tana da sashen Shari'a, haka ma jami'o'in Sakkwato da Maiduguri suna koyar da ita. Daga nan sai shekara ɗaya a makarantar lauyoyi, wadda hedikwatarta ke Bwari a Abuja, kuma tana da rassa a Bagauda da Yola da wasu garuruwan Kudu. Idan ka ci jarrabawa aka rantsar da kai, za a rubuta sunanka a kundin Kotun Ƙoli. Kuɗin lasisi ana biyansa kowace shekara kafin ƙarshen watan Maris, kuma duk takardar da za ka shigar kotu sai da hatimin ƙungiyar lauyoyi ta NBA.

Wannan duk kowane lauya ya bi shi. Abin da zai bambanta ka shi ne Larabci da fiƙihu. Alƙalin kotun Shari'a ba ya son dogon Turanci, nassi yake so ka kawo masa. Ka zauna gaban malami ka karanta babukan aure, saki, idda, ciyarwa, riƙon yara da shaida a Risala ta Ibn Abi Zaid, sannan Mukhtasar na Khalil tare da sharhi irin Jawahirul Iklil. Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim kuwa ita ce abokiyar aikin alƙalai, domin a kan tsarin shari'a aka wallafa ta, kuma baitocinta ake janyowa a hukunce-hukunce har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Lauyan da zai iya buɗe littafi ya karanta ibarar da bakinsa ya fassara ta, ana saurarensa daban.

Bayan bautar ƙasa, ka nemi ofishin babban lauyan da ke zuwa kotunan Shari'a da Babbar Kotu duka, ka yi aƙalla shekara biyu kana ɗaukar masa fayil. A ranakun da ba ku da shari'a, je ka zauna a bencin baya na wata kotun Shari'a ka saurari yadda ake rubuta da'awa, yadda ake sukar shaida, da yadda ake ba da rantsuwa. Ka saba da magatakarda da masu kai sammaci, don shari'ar aure da yawa a wurin kai sammaci take maƙalewa.

Zaman farko da mai ƙara

A wannan zama ake gyara shari'a ko a ɓata ta. Ka ware masa awa guda aƙalla. Mace takan zo da mahaifinta ko yayanta, kuma hakan daidai ne, amma ka nemi a ba ku wasu mintoci ita kaɗai, ƙofa a buɗe ko da wata ma'aikaciya a ɗakin. Akwai abubuwan da ba za ta iya faɗa gaban mahaifinta ba, kamar rashin kusantar miji ko yanayin al'adarta, kuma sau da yawa su ne ƙashin bayan shari'ar.

Tambayar farko ita ce wane irin aure aka ɗaura. Kada sunan mutum ko addininsa ya sa ka ɗauka ka sani. Ma'aurata na iya ɗaura aure a masallaci ko a gargajiyance, daga baya su je rajista saboda neman biza. Da zarar sun yi haka, sakin baki ko takarda ba zai warware auren rajistar ba, sai Babbar Kotu. Wanda kuma ya ƙara aure a gargajiyance alhali yana da auren rajista, Dokar Aure ta tanadar masa ɗaurin shekara biyar. Haka nan ba kowane auren coci ne auren rajista ba. Idan cocin ba ta da lasisin ɗaura aure, ko ba a karɓo takardar izini daga magatakardan aure ba, yana iya zama albarka kawai aka sa wa auren gargajiya. Don haka ka ga takardar auren da idonka.

Idan an riga an yi saki, ka nemi ainihin lafazin da mijin ya furta ko ya rubuta, kalma bayan kalma. "Na sake ki" daban, "tafi gidanku" daban, na biyun yana bukatar a san niyyarsa. Ka tambayi ranar, ko tana cikin tsarki a lokacin, ko tana da ciki, saki nawa aka yi a baya, da ko ya yi kome kafin idda ta cika. Idda tsarki uku ce ga mai al'ada, wata uku ga wadda ba ta yi, haihuwa ga mai ciki. Saki uku a lafazi ɗaya kuwa, mashahurin zance a Malikiyya uku ne, ko da yake akwai malaman da ke ba da fatawar ɗaya ne. Mai ƙara zai iya zuwa maka da fatawar da ta yi masa daɗi, amma kai ka gaya masa abin da kotu ta fi yiwuwar bi.

Sai ka rubuta adadin sadaki da wanda ya karɓa, sunayen yara da shekarunsu da inda suke kwana yanzu, sana'ar miji da abin da yake samu, da jerin kayan ɗaki da na lefe. Daga ƙarshe ka tambaye ta a fili abin da take so. Wata ta ce saki take nema, amma idan ka saurara da kyau, so take a tilasta masa ciyarwa ko ya raba mata gida da dangi. Wani mijin ya ce yaransa yake so, alhali kuɗin ciyarwa yake gudu. Idan ka shigar da abin da ba shi ne bukatar ba, ko ka yi nasara ba za a gode maka ba.

A gaban kotun Shari'a

Ƙara tana farawa ne daga kotun Shari'a ta ƙasa ko babba, a wasu wurare kamar Abuja kuma kotun yanki. Abu na farko shi ne da'awa, kuma dole ta zama bayyananniya: me ake nema, nawa ne, tun yaushe, saboda me. "Yana cutar da ni" ba da'awa ba ce. "Ya daina ciyar da ni tun watan Sha'aban, wata bakwai ke nan, ina neman a tilasta shi ko a raba auren" ita ce da'awa.

Mace na da hanyoyi da dama na fita daga aure, kuma kuskuren da sababbin lauyoyi suka fi yi shi ne su ruga zuwa kul'i don shi ya fi sauri. Kul'i fansar kai ne, ita za ta biya. Idan mijin ne mai cutarwa, da duka ko zagi ko ƙaurace mata, Malikiyya ta ba ta damar neman alƙali ya sake ta saboda cutarwa ba tare da ta mayar da ko kwabo ba. A nan ma an sassauta shaida, ana karɓar shaidar labarin da ya bazu tsakanin maƙwabta cewa yana cutar da ita. Har ma idan ta riga ta biya kul'i daga baya ta tabbatar da cutarwar, tana iya karɓo abin da ta biya, sakin kuma yana nan. Saboda haka ka fara auna hujjojin cutarwa. Idan babu su, kuma ita ce kawai ba ta son zaman, sai a koma kul'i.

A wurin kul'i rigimar kan adadi take. Miji zai kawo lissafin lefe, kuɗin gaisuwa, abincin biki, har da kuɗin mota. Hujjarka ita ce hadisin matar Sabitu ɗan Ƙaisu, wadda aka umarta ta mayar da lambun da ya ba ta sadaki, kuma alƙalai da yawa a kan sadakin suke tsayawa. Ka kula sosai idan aka ce ta yafe riƙon yara ko ta ɗauki ciyar da jariri a madadin kuɗi. Irin wannan sharaɗi yana iya ɗaure ta, kuma mace a cikin zafin rai takan amince da abin da za ta yi kuka a kansa bayan wata uku.

Rashin ciyarwa hanya ce mai zaman kanta. Alƙali zai ba mijin wa'adi, idan ya kasa a sake ta, amma wannan saki na kome ne, yana iya mayar da ita cikin idda idan ya sami abin ciyarwa. Ka sanar da ita wannan tun da wuri. Wanda ya yi rantsuwar ƙaurace wa matarsa wata huɗu ake ba shi. Mai rashin ƙarfin kusantar iyali shekara guda. Mijin da ya ɓace ba labari, shekara huɗu ake jira daga ranar da aka kai ƙara aka bincika, sannan ta yi takaba. Sai dai akwai abin da ake yawan mantawa: idan bai bar mata abin ci ba, ba sai ta jira shekara huɗu ba, ta nemi saki ta ƙofar rashin ciyarwa, ta kawo shaidun aure da tafiyarsa, ta yi rantsuwa. Idan kuma rikici ya yi ta maimaituwa aka kasa gane mai laifi, ka roƙi kotu ta naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara. A Malikiyya su biyun suna da ikon raba auren idan gyara ya gagara.

Tsarin shaida ya sha bamban da na Babbar Kotu. Maganar mai ƙara ba shaida ba ce, da'awa ce kawai. Hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa. Aure da saki suna bukatar maza biyu adilai, lamarin kuɗi kuwa ana karɓar namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwa. Uba ba ya yi wa ɗansa shaida, ɗa ba ya yi wa uba, kuma abokin gaba ba ya shaida a kan maƙiyinsa. Lauyan da ya jero iyayen mace a matsayin shaidunta ya ba ɗaya ɓangaren damar rushe su cikin minti biyar. Ka nemo maƙwabta, mai unguwa, ko waɗanda suka taɓa zaman sulhu. Kafin hukunci kuma dole alƙali ya yi i'izari, wato ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja, a gaban shaidu, a kuma rubuta. Rashin i'izari kaɗai ya isa a rushe hukunci a sama. Idan kai ne ke kan nasara, ka tunatar da kotu cikin ladabi, don amfaninka ne.

Riƙon yara da ciyar da su

Nan ne mutane suka fi cakuɗa al'ada da Shari'a. Da yawa sun ɗauka da an yaye yaro sai a kai shi gidan ubansa. A Malikiyya uwa ce ke da riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan haƙƙin uwa ya faɗi, yana komawa ne ga kakar yaro ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, kafin a zo ɓangaren uba. Haƙƙin na faɗuwa idan ta auri wanda ba muharramin yaron ba ya tare da ita, ko aka tabbatar ba ta da amana ko lafiyar kula da shi, ko waliyyi zai yi ƙaura ta zama zuwa gari mai nisa. Wanda riƙo ya koma kansa kuma ya san ta yi aure ya yi shiru har shekara ba uzuri, ya rasa damarsa.

Uba kuwa shi ne waliyyi, shi ke da ciyarwa, tufatarwa, magani, makaranta da kula da tarbiyya, ko da yaran ba a hannunsa suke ba. Ka shigar da ƙarar ciyarwa da wuri. Ciyarwar matar aure da ta wuce bashi ce a kan miji mai hali, amma ta yara tana da wuyar karɓowa idan babu hukuncin da ya riga ya yanka ta. Kuma kada ka yarda a rubuta "zai riƙa ciyar da su gwargwadon hali". Ka nemi a faɗi adadi, ranar biya a wata, asusun da za a tura, wanda zai biya kuɗin makaranta da asibiti da kayan sallah, da ranakun da uba zai ga yaransa. Hukuncin da ba shi da adadi ba ya zartuwa.

Kayan ɗaki ma a yi musu jeri tun farko, da hotuna da rasit idan akwai. Inda babu shaida, ƙa'ida ita ce abin da aka saba na mata ne a ba mace da rantsuwarta, na maza a ba namiji da tasa.

A gaban Babbar Kotu

Auren rajista yana ƙarƙashin Dokar Ƙararrakin Aure ta 1970 da ƙa'idojinta na 1983. Dalilin saki ɗaya ne tak, wato aure ya lalace ba gyara, amma sashe na 15 ya jero abubuwa takwas da sai an tabbatar da aƙalla ɗaya. Waɗanda aka fi amfani da su: zina tare da kasa jure zama, mugun halin da ba za a sa ran a jure ba, gudun aure na shekara guda cur, rabuwar shekara biyu idan ɗayan bai ƙi ba, da rabuwar shekara uku ko ya ƙi ko bai ƙi ba. Idan shekara uku ta cika, bi wannan hanya, ta fi sauƙin tabbatarwa kuma ba a tona asirin kowa. Auren da bai kai shekara biyu ba sai da izinin kotu ake shigar da ƙarar warware shi, in ban da wasu dalilai kaɗan.

Takardu ne ke kayar da lauyoyi a nan. Rantsuwar tabbatar da ƙara dole ta kasance a jikin takardar ƙarar, a kuma rantse kafin shigarwa. Sai takardar aure, da takardar shaidar cewa ka yi wa mai ƙara bayanin hanyoyin sulhu. Idan zina ake zargi, wanda ake zargin da shi ma sai an sa shi cikin ƙarar. Saƙonnin WhatsApp da hotunan waya suna bukatar takardar shaida ta sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. Ka haɗa bukatun ciyarwa, riƙon yara da rabon kadara a cikin ƙarar tun farko. Babu dokar raba dukiya biyu daidai a Najeriya, kotu na duba abin da ya dace, kuma a aikace tana son ganin gudummawar da kowa ya bayar, don haka a tattaro rasit da bayanan banki. A riƙon yara maslahar yaro ce gaba da komai. Hukuncin farko na wucin gadi ne, sai bayan wata uku yake zama yankakke, kuma wanda ya yi aure kafin nan ya yi aure kan aure.

Inda akwai duka ko barazana, tsaron rai ya riga shari'ar saki. A kai ta asibiti a karɓi rahoton likita a ranar, a sanar da 'yan sanda, sannan ka duba ko jiharka ta amince da dokar hana cin zarafi ta 2015 ko makamanciyarta, domin tana ba da damar neman umarnin kariya.

Sulhu, ɗaukaka ƙara da kuɗin aiki

Shari'o'in iyali da yawa sun fi kyau a ƙare su a teburin sulhu, ko a ofishinka, ko a Hisba, ko a cibiyar sulhu ta kotu, saboda waɗannan mutane za su ci gaba da haɗuwa a suna da biki da makarantar yaransu. Amma duk abin da aka amince a rubuta, a sa hannu, a kai kotu ta mayar da shi hukunci. Yarjejeniyar baka a gaban dattawa tana rushewa ranar da mijin ya yi sabon aure.

Wa'adin ɗaukaka ƙara daga ƙananan kotuna galibi kwana 30 ne, zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya kuma wata uku ga hukuncin ƙarshe. Ka nemi kwafin shari'a a makon da aka yanke hukunci, ka karanta shi layi-layi. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga aure, nasaba, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi, don haka rigimar mallakar fili zalla tsakanin tsofaffin ma'aurata ba can za ta ba.

Kuɗin aiki a rubuta shi tun ranar farko: na shawara daban, na shigar da ƙara daban, na kowane zama daban, kuma ka duba dokar kuɗin aikin lauyoyi ta 2023 kafin ka yanka. Gaskiya ita ce mata da yawa da ke neman saki ko ciyarwa ba su da abin biya, don haka yawancin masu wannan fanni suna haɗa shi da shari'o'in gado da filaye, waɗanda suka fi kawo kuɗi kuma daga iyalan nan suke fitowa. Wadda ba ta da hali ka ɗauki nata kyauta idan za ka iya, ko ka tura ta Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA. Kuɗin ciyarwa ko na kul'i da ya biyo ta hannunka amana ne, asusun masu ƙara ake sa shi, ba naka ba.

Ba a tsaya wa miji da mata a shari'a ɗaya, ko sun ce sun daidaita. Ba a kiran wanda ke da lauya a bayan lauyansa. Sirrin da aka gaya maka ba ya zama labarin majalisa ko darasi a Facebook, ko ka ɓoye suna, domin unguwa ta san nata. Neman auren wadda kake wakilta tana cikin shari'a ko idda kuwa, ya saɓa wa addini da ƙa'idar aiki, kuma ƙorafi a gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi na iya kaiwa ga cire suna daga kundi.

Mata lauyoyi suna da babbar dama a wannan fanni, don akwai maganganun da mace ba za ta faɗa wa namiji ba. Ga mai sha'awar kujerar alƙalanci kuma, sashe na 276 ya ce lauyan da ya shekara goma da rantsuwa, yake kuma da takardar shaidar ilimin Shari'ar Musulunci daga cibiyar ilimin da Majalisar Shari'a ta Ƙasa ta amince da ita, ya cancanci a naɗa shi alƙali a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Idan digirinka bai ƙunshi Shari'a ba, ka nemi difloma ko digiri na biyu a fannin tun kana cikin shekarunka na farko a aiki.